Baƙon Da Fari Ya Koro

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, tun ranar da na ji an tayar da ita a zauren wani malami bayan sallar la'asar, sa'ad da wani almajiri mai kaifin basira, wanda ake biya wa babin zakka a cikin Risala, ya rufe littafinsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutumin da ya bar garinsu domin ruwan sama ya ƙi sauka, ya kwashi iyalinsa ya nufi wata ƙasa, shin tawakkali ya yi, ko kuwa tuhumar Ubangijinsa ya yi?" Malam ya yi shiru, ya daɗe yana duban sa, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan nan, an taɓa kwana uku ba a ɗora tukunya a gidanku ba?" Almajiri ya ce, "A'a, Allah ya gafarta Malam." Malam ya ce, "To, buɗe littafinka mu ci gaba."

Na yi shekaru ina zaton Malam kauce wa tambayar ya yi, sai daga baya na gane cewa amsa ce ya bayar, irin ta mutanen da suka ga abu da idonsu. Amma da yake zamani ya kawo mu inda wannan magana ta fita daga zaure guda ta game duniya, har masana da sarakunan ƙasashe suna taruwa a kanta da sunan sauyin yanayi da ƙaurar jama'a, na ga ya kamata a shimfiɗa ta a fili, a auna ta da ma'aunin shari'a da na hankali, domin kuwa ina tsoron mun fi son yi wa mai gudu tambayoyi a kan mu amsa wadda ke wuyanmu.

Ina yaro a shekarar 1984, a wani ƙauye na arewacin ƙasar Katsina, aka yi shuka har sau uku, kowace ta tsiro ta ƙone, ta ukun ce ma ta kai gwiwa kafin ta sunkuya. Da kaka ta zo ba tare da an ji ƙarar sussuka ba, sai muka fara ganin mutane suna gangarowa daga arewa ta hanyoyin daji. Wata rana da hantsi wani Buzu ya yi sallama a ƙofar gidanmu, rawaninsa ya koɗe har ba a gane asalin launinsa, a bayansa ga mace da 'ya'ya uku da jaki ɗaya da akuya wadda ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Bai roƙi kome ba. Takobinsa ya kwance daga kafaɗa, ya ajiye a gaban mahaifina, ya ce da 'yar Hausarsa mai nauyi, "Maigida, gero." Mahaifina ya dubi takobin, ya dubi yaran, ya ce, "Bawan Allah, mai da takobinka inda yake," ya shiga gida ya auno tiya uku daga ɗan abin da ya saura a rumbu tun na bara, ya kuma nuna masa gindin wata tsamiya a bayan danga inda zai kafa 'yar bukkarsa. Da dare na ji wani ƙanen mahaifina yana yi masa magana a soro, yana cewa, "Yaya, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa." Ba zan ce ƙarya ya faɗa ba, domin mu ma a shekarar tafasa da rama muka riƙa haɗawa da ɗan gari mu kwana, kuma tsakanin maganar tasa da aikin mahaifina ne dukkan wannan mas'ala take.

Ƙasarmu dai ba baƙuwar fari ba ce. Tsofaffinmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda a cikinta aka tona gidan tururuwa domin a kwaso ɗan hatsin da ta tara, aka ci hanza da 'ya'yan ƙarangiya. Kuma harshenmu da kansa yana da kalmar da ke nuna yadda kakanninmu suka zauna da wannan yanayi, watau cin rani, inda magidanci ko saurayi zai tafi wani gari bayan girbi, ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, ba don ya ƙi garinsu ba, sai domin ya rage wa rumbu baki, sa'an nan da ya ga hadari ya fara haɗowa daga gabas ya ɗaure kayansa ya koma gona. Ɗan cin rani yana da ranar komowa. Abin da ya auku daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da damina ta yi ta gajarcewa shekara bayan shekara daga Senegal har Sudan, ta kai matuƙa a 1972 da 1973, sa'an nan a 1983 da 1984, shi ne ya haifar mana da wani irin matafiyi dabam, wanda ya fito ba da ranar komowa ba, domin garken da zai koma wa ya mutu, rijiyar da zai koma wa ta ƙafe. Yawancin Buzayen da muka tashi muka gani suna gadi a ƙofofin gidaje a Kano da Kaduna da Ikko, a wancan zamani suka sauko, kuma da yawa cikinsu masu raƙuma ne a da.

Wanda yake son ya ga wannan al'amari a wuri guda, sai ya dubi Tabkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 ruwan da ke fili bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, saboda kogunan Shari da Logone, waɗanda su ne ke kawo masa kusan dukkan ruwansa daga kudu, sun yi rauni. Masunta da manoma na wajen Baga suka yi abin da kowane mai hankali zai yi, suka bi ruwa inda ya ja, suka kafa ƙauyuka a kan ƙasar da jiya take ƙarƙashin tabki, suna noman wake da masara a danshinta, har suka wuce iyakar da Turawa suka shata a takarda ba tare da sun ga wata alama a ƙasa ba. Aka wayi gari yankin Darak ya zama abin jayayya tsakanin Nijeriya da Kamaru, sai da kotun duniya ta Heg ta yi hukunci a 2002 ta tabbatar wa Kamaru da shi. Ruwan ya ɗan komo daga baya, kuma fitinar da ta ɓarke a Borno tun 2009 ta kori mutane fiye da yadda fari ya kora. Na faɗi haka ne domin kada a jingina wa yanayi abin da ba nasa ba.

To, mu koma ga tambayar almajirin nan. Ni a ganina an daɗe da rufe wannan babi, tun ranar da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, yana kan hanyarsa ta zuwa Sham ya sami labarin annoba ta faɗa can, ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a juya, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Amsar da ya bayar, kamar yadda Imamu Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa, ita ce cewa wanda ya juya ma cikin ƙaddarar yake. Sa'an nan, abin da ya fi dacewa da maganarmu, sai ya buga masa misali da makiyayi wanda ya kai raƙumansa wani kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa ko wanne gefe ya kora su, da ƙaddara ya kora. Ashe kuwa Bafillacen da ya ga ciyawa ta ƙare a arewa ya kaɗa shanunsa kudu bai yi wani abu ba face abin da Halifa ya kafa hujja da shi. Ita annoba ma an hana wanda ke cikinta ya fita, saboda maslahar waɗanda zai je wa. Amma yunwa ba a ɗaukar ta a jiki a kai wa wani, don haka babu wannan hani a kanta. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya aika 'ya'yansa Masar awon hatsi a shekarun fari, daga ƙarshe shi da zuriyarsa duka suka koma can, kuma ba a taɓa jin wani malami ya ce tawakkalinsa ya yi rauni ba. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, da ya zo kasa tafiye-tafiye a cikin littafinsa na hukunce-hukuncen Alƙur'ani, ya raba su zuwa gudu da nema, ya sanya tafiyar neman abin rayuwa ga wanda zama ya gagara cikin waɗanda aka halatta. Ban ce darajar wannan ƙaura ta kai ta hijirar addini ba, irin wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804, wannan wani maƙami ne dabam. Amma ba banza ba ne Bahaushe ya ari wannan kalma mai alfarma ya kira duk wanda bala'i ya raba da gidansa ɗan gudun hijira.

Akwai kuma wata magana da ake yawan ji a bakin masu wa'azi idan damina ta yi gardama, cewa zunubanmu ne suka hana ruwa sauka, a tuba, a fitar da zakka, a fita roƙon ruwa. Wannan gaskiya ce, kuma ni ma ina cikin sahu duk ranar da aka fita bayan gari aka juya riguna. Amma ina ganin kuskure ne babba, kuma zalunci ne, a ɗauki wannan magana a mai da ita tuhuma a kan waɗanda musibar ta fi faɗa wa, kamar a ce wanda gonarsa ta ƙone shi ne ya fi kowa saɓo. Alƙur'ani ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna tana bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, ya kuma gargaɗe mu a Suratul Anfal, aya ta 25, game da fitinar da ba ta tsayawa a kan azzalumai kaɗai. Idan aka haɗa ayoyin biyu, sai a ga cewa hannun da ya yi ɓarna da bayan da ya sha bulala ba lalle ba ne su zama na mutum ɗaya. Abin da binciken masana ya gano bai saɓa wa wannan ba. Da fari an ɗora laifin farin shekarun 1970 a kan makiyayi da mai saran itace, aka ce su suka tsiraita ƙasa har hadari ya ƙi haɗuwa; daga baya, da aka zurfafa bincike, sai aka tarar cewa babban sababin yana can cikin teku, inda zafin ruwan kudu da na arewa ya sauya, ya janye iskar damina daga wajenmu, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani yana da hannu a cikin wannan sauyi. A yau ma, cikin iskar da ake fitarwa daga ƙona man fetur da gawayin ƙasa, wadda ke riƙe zafi a sararin samaniya, rabon Afirka gaba ɗayanta bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Saboda haka imani da ƙaddara ba ya ɗauke alhaki daga kan mai ɓarna, kamar yadda wanda ya cinna wuta a dawa ta ci amfanin maƙwabcinsa ba zai tsaya gaban alƙali ya ce haka Allah ya rubuta a sallame shi ba. Ƙaddara hujja ce ta haƙuri ga wanda aka jarraba, ba garkuwa ba ce ga wanda ya yi ta'adi.

Idan har ta tabbata mai gudu ba shi da laifi, to, tambayar ta tashi daga kansa ta komo kan mai masauki, kuma a nan ne nake son mai karatu ya ɗan dakata tare da ni. A shekara ta 18 bayan Hijira an yi wani fari a Hijaz wanda aka sa wa suna shekarar toka, domin ƙasa ta ƙone iska tana tashi da ita kamar toka, Larabawan ƙauye suka kwararo Madina da iyalansu suka sauka a gefen gari. Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar bai kafa dakaru a ƙofar gari ba, bai kuma ce kowa ya koma inda ya fito ba. Sai ya naɗa mutane su kula da su, ya sa aka riƙa dafa abinci ana raba musu, ya rubuta wa gwamnoninsa suka aiko da ayarin hatsi, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata, shi kansa kuma ya yi rantsuwa ba zai ɗanɗani man shanu ko nama ba sai jama'a sun samu, har launin fatarsa ya sauya. Da Allah ya saukar da ruwa, ya yi musu guzuri suka koma. A kwatanta wannan da abin da ya faru a ƙasarmu a 1984, shekarar da gwamnatin soja ta rufe iyakokin Nijeriya, saboda dalilanta na kuɗi da fasa-ƙwauri, a daidai lokacin da 'yan'uwanmu na Nijar suka fi bukatar hanyar kudu, har ta kai mutanen Maraɗi da Damagaram suna kiran wannan yunwa El-Buhari, da sunan shugaban wannan gwamnati. Fari daga sama ya zo musu, amma abin da ya zauna musu a zuciya har suka raɗa wa shekarar suna da shi, ƙofar da aka rufe ce.

Kuma abin da ake nema daga mai masauki ba kyauta ba ce zalla wadda in ya ga dama ya yi. Ɗan hanya, watau matafiyin da guzuri ya yanke masa, yana cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, masu rabo a zakka, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. Hadisi ya sanya mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Ita Risalar da almajirin nan yake riƙe da ita, da ya ci gaba da karatu zuwa babukan ƙarshe, zai tarar an hana mutum ya hana rarar ruwa domin ya hana kiwo, an kuma ce masu rijiyar dabbobi su ne farko har su shayar, sa'an nan sauran mutane su zama daidai a cikinta. Dokokin ƙasashe ba su kai nan ba tukuna, domin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta san wanda ya gudo daga zaluncin mahukunta, amma ba ta san wanda ya gudo daga fari ko ambaliya ba. Sai dai yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla, ta ambace shi, idan bai tsallake iyakar ƙasarsa ba. Alhali kuwa Bankin Duniya ya yi kirdado a 2021 cewa zuwa 2050 waɗanda sauyin yanayi zai raba da muhallinsu a cikin ƙasashensu suna iya kai miliyan 216, miliyan 86 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Ba kuma fari kaɗai ke kora ba: ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya ta raba sama da miliyan guda da gidajensu, kuma a watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, garin da shi kansa masaukin 'yan gudun hijira ne, aka ga mai masaukin jiya yana neman inda zai shimfiɗa tabarma.

Ban manta da maganar baffana ba, kuma ba zan raina ta ba. Manomin da ke da 'yar gona guda, wanda ya wayi gari ya tarar shanu sun kwana a cikin dawarsa, ba za a zo masa da labarin mutanen Madina a ce ya yi shiru ba. Shari'ar da ta ba baƙo haƙƙin ruwa ita ce ta ɗora wa mai dabbobi biyan abin da suka ɓata da dare, kuma tun zamanin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu ake kawo irin wannan ƙara gaban mahukunta. Jinin da ake zubarwa tsakanin manoma da makiyaya ba yanayi kaɗai ya jawo shi ba. Jama'a ta ninka har sau uku ko fiye tun daga ƙidayar 1963, an nome burtali da mashaya, dazuzzukan kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta yi wa doka a 1965 an yanka da yawansu an rabar, alƙalai da masu gari waɗansunsu sun mai da rikicin abin ci, makamai kuma sun yi arha. Duk wannan aikin hannunmu ne, ba na masana'antun Turai ba, kuma shi ne ya mai da baƙuncin da a da ake yin sa da musayar nono da hatsi, da taki a gona bayan girbi, ya zama abin tsoro ga kowane ɓangare. Haka kuma zama da gyara wuri shi ma riƙo ne da sababi, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka nuna bayan yunwar 1984, da suka daina tumɓuke tsiron gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suka riƙa sassabe su suna reno, har ƙasar da aka ɗebe wa tsammani ta sake yin inuwa a faɗin miliyoyin hekta. Amma itace shekaru yake ɗauka, mai yunwa kuwa yau yake tsaye a ƙofa.

Buzun nan ya zauna a gindin tsamiyarmu shekara huɗu, yana janyo mana ruwa a rijiya da jakinsa, matarsa tana yin tabarmi da kayan fata tana sayarwa ranar kasuwa, ƙaramin ɗansa kuma allonmu ɗaya a makaranta. Da aka sami damina mai albarka a 1988 ya kaɗa 'yan awakin da ya tara ya koma arewa, kuma baffana da kansa ne ya raka shi har bayan gari. Saboda haka nake roƙon limamanmu, musamman na garuruwan da ke kan hanyar masu saukowa, da su karanta wa jama'a hukuncin ɗan hanya da na rarar ruwa da na ɓarnar dabbobi a kan mumbari, kamar yadda suke karanta hukuncin layya idan lokacinta ya yi. Ina kuma roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninsu, su fita da kansu su zagaya burtali da mashaya, su buɗe wanda aka toshe, su sa a ware rabon baƙo a cikin zakkar hatsi tun tana masussuka, kafin kakar bana ta wuce shanu su fara gangarowa.